Za a iya ƙera ƙunshin kayan gwaji na bai-ɗaya don maimaita gwajin haɗewar nukiliya mai sanyi?

Tambaya: Tun da kullum rigimar haɗewar nukiliya mai sanyi, wato iƙirarin cewa ƙwayoyin nukiliya suna iya haɗewa su saki zafi ba tare da matsanancin zafin da aka san haɗewar na buƙata ba, ita ce wani ya ce ya ga rarar zafi (zafin da ya zarce lantarkin da aka zuba), wani ya gwada bai gani ba, me zai hana a ƙera kayan gwaji iri ɗaya, a raba wa ɗakunan bincike da yawa, kowa ya gwada a huta da gardama? Me ya kamata a sa a cikin ƙunshin, kuma ina ake samun matsala?

Amsa: Malam, shawarar tana da kyau kuma mai yiwuwa ce, amma sai an fara sanin abin da ake son daidaitawa. Har yau babu wanda ke da tsarin da in an bi shi daki-daki za a sami rarar zafin a kowane karo, kuma galibin masana kimiyyar nukiliya ba su gamsu cewa akwai abin ba. Don haka duk ƙunshin da aka ce maka "haɗa ka kunna za ka ga zafi" ya yi alkawarin abin da mai shi ba ya da iko a kai. Ƙunshin da ya cancanci a kashe masa kuɗi shi ne wanda zai sa ɗakunan bincike goma su auna abu ɗaya su fito da lamba ɗaya, ko da lambar sifili ce. Wannan aiki ne mai wuyar gaske, kuma rashin yin sa da kyau ne ya bar maganar tana reto sama da shekara 30.

Asalin gwajin da ake son maimaitawa shi ne wanda Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a Jami'ar Utah ta Amurka ranar 23 ga Maris, 1989. Kwalba ce da aka zuba wa ruwa mai nauyi, wato ruwan da haidurojin ɗinsa nau'in diyuteriyom ne, aka narkar da sinadarin litiyom a ciki don ya ɗauki lantarki. A tsakiya akwai sandar ƙarfen faladiyom a matsayin katod, wato ɓangaren da diyuteriyom ke taruwa, an kewaye ta da wayar filatinom a matsayin anod, ɓangaren da oksijin ke fita. In an saki lantarki ruwan yana rabuwa, diyuteriyom yana shiga cikin faladiyom yana taruwa. Suka ce bayan makonni zafin da ke fitowa yakan zarce ƙarfin lantarkin da aka zuba. A cikin wannan shekara ta 1989 jami'o'in Caltech da MIT a Amurka da cibiyar Harwell a Ingila suka gwada ba su ga komai ba, kwamitin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ya ce hujjar ba ta gamsar ba a Nuwamban 1989, ya sake dubawa a 2004 bai sauya matsayi sosai ba. Masu goyon baya kuwa amsarsu ɗaya ce tun lokacin: waɗanda ba su gani ba, ba su cika sharuɗɗan ba. Aikin ƙunshin shi ne ya toshe wannan kafa, ya zama kowane gwaji yana ɗauke da shaidar ko an cika sharuɗɗan ko ba a cika ba.

A kan faladiyom gizo ke saƙa, don haka da shi za a fara. Kwalba da waya da ma'auni duk ana iya ƙera su iri ɗaya a masana'anta. Faladiyom kuwa, guda biyu masu tsarki iri ɗaya a takarda suna iya bambanta ƙwarai wajen yawan diyuteriyom da za su riƙe. Dalili shi ne idan ƙarfen ya sha diyuteriyom yana kumbura da kusan kashi 10 cikin 100 na girmansa, kuma kumburin ba ya tafiya bai-ɗaya: fatar waje tana riga ciki. Wannan ja-in-ja yana tsaga ƙarfen, kuma kowace tsaga ƙofa ce da diyuteriyom ke haɗuwa ya zama iska ya fice. Ƙarfen da ya tsage ba zai taɓa kai lodin da ake nema ba, wato yawan diyuteriyom da ake so ya riƙe, ko an shekara ana ba shi wuta. Michael McKubre da abokan aikinsa a cibiyar SRI ta Kalifoniya sun ruwaito cewa ba su ganin rarar zafi sai lodin ya haura kimanin diyuteriyom 0.85 zuwa 0.9 ga kowace ƙwayar faladiyom, an riƙe shi a haka na ɗaruruwan awoyi, da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan mili-amfiya a kowane murabba'in santimita. Ko ka yarda da sakamakonsu ko ba ka yarda ba, sharaɗin da suka kafa shi ne abin da za a gwada. Kai wa 0.7 abu ne mai sauƙi, ko a cikin iskar diyuteriyom kawai ana kusantar haka. Daga nan zuwa 0.9 ne yawancin katod ke faɗuwa.

Saboda haka duk katod ɗin da za a raba su fito daga zubi ɗaya: narki ɗaya, mirginawa ko jan waya ɗaya, gashi ɗaya a tanderu ɗaya. Masu bincike na hukumar ENEA a Frascati ta Italiya sun daɗe suna aiki da falle mai kaurin maikuron 50 wanda ake mirginawa a sanyi, a gasa a tanderun da aka zuƙe wa iska a wajen digiri 850 na Salshiyos, sannan a wanke fuskarsa da asid. Gashin yana sassauta taurin da mirginawa ta bari, yana kuma ƙayyade girman ƙwayoyin ƙarfen. Wanda ya fi son waya, mai kaurin milimita 1 da tsawon santimita 3 ta isa, kuma zan yi lissafin da ke ƙasa da ita: nauyinta kusan giram 0.28, faɗin fuskarta kusan murabba'in santimita 0.94. Kada a yi kwaɗayin sanda mai kauri. Lokacin da diyuteriyom ke ɗauka ya ratsa ƙarfe yana ƙaruwa ne da murabba'in kaurin, don haka abin da waya mai milimita 1 za ta yi cikin awoyi, sanda mai milimita 4 sai ta ninka shi sau 16. Kowane katod a ba shi lamba, a ɗauki hoton fuskarsa da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, a auna ƙazantar da ke cikinsa, a yanke guntu daga jikinsa a ajiye a rufe. Wannan guntun shi ne alƙali ranar da wani ya ce ya ga sabon sinadari a jikin katod bayan gwaji. Kuma a sayi zubin da yawa tun farko, ninki biyu ko uku na abin da ake buƙata, domin ranar da ya ƙare ba za a iya rantsuwa cewa na biyu irinsa ne ba.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin CETI na Amurka ya raba ƙunshin gwaji da aka gina kan na'urar James Patterson, mai ɗauke da ƙananan duwatsun roba da aka lulluɓe da siraran fallayen nikel da faladiyom. Ko masu goyon bayan aikin sun yarda cewa duwatsun da aka ƙera daga baya ba su ba da abin da aka ce na farko sun bayar ba, kuma ba a iya nuna abin da ya bambanta su ba. Da zubin farko ya ƙare, maganar ta ƙare da shi.

Auna lodi dole ne ya kasance cikin ƙunshin, ba abin zaɓi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce auna turjiyar lantarkin katod ɗin da waya huɗu, biyu na tura ƙaramar wuta, biyu na karanta boltej, duk an like su da waldar ɗigo an rufe su da Teflon. Turjiyar tana hawa yayin da diyuteriyom ke shiga har ta kai kusan ninki biyu na ta asali a wajen lodin 0.7 zuwa 0.75, daga nan sai ta fara sauka. A nan mutane da yawa ke ruɗewa: karatu ɗaya, misali ninki 1.8, yana iya nufin lodin da bai kai ƙololuwa ba, yana kuma iya nufin wanda ya wuce ta. Sai an bi layin tun daga minti na farko ba tare da yankewa ba za a san a wane gefen tudun ake. Zafin kwalbar ma yana sauya turjiya, ruwan gwajin kuma yana ɗaukar wani kaso na wutar awon, don haka gyaran waɗannan biyu ya zo a rubuce cikin manhajar ƙunshin, kada a bar wa kowa ya yi nasa. Lodin farko a yi shi a hankali, da 'yan gomomin mili-amfiya a murabba'in santimita na kwana ɗaya ko biyu, kafin a ɗaga. Anod ya zagaye katod daidai ta kowane gefe, kuma katod ya nutse gaba ɗaya. Duk ɓangaren da ya leƙo saman ruwa ko ya yi nisa da anod, ta nan diyuteriyom zai riƙa zurarewa.

Ruwan ba shi da wahalar daidaitawa, sai dai yana da saurin lalacewa. A nemi mai tsarkin kashi 99.9 cikin 100, daga ganga ɗaya, a rarraba shi cikin ƙananan kwalabe da aka like a ƙarƙashin busasshiyar iskar agon. Ruwa mai nauyi yana zuƙar laimar iska, kuma faladiyom ya fi son haidurojin na yau da kullum a kan diyuteriyom, don haka ɗan gurɓata kaɗan a ruwa yakan zama babba a cikin ƙarfe, ya kuma karkatar da layin turjiyar da ake dogaro da shi. Ƙarfin ruwan gwajin na asali mol 0.1 ne na litiyom a kowace lita, wato kusan giram 0.7 na ƙarfen litiyom. Kada a aika wa kowa ƙarfen litiyom ya narkar da kansa: a haɗa ruwan a wuri ɗaya a raba. A lissafa na ƙari ma, domin a buɗaɗɗiyar kwalba mai cin rabin amfiya ana rasa kusan mililita 4 a kowace rana, wata uku kuwa ya haura mililita 350. Ruwa mai nauyi yana cikin kayan da dokokin hana yaɗuwar makaman nukiliya ke sa wa ido, saboda haka tura shi ƙetaren iyaka yana iya buƙatar izini ko da kaɗan ne, kuma gara a fara neman takardun kafin a fara ƙira.

Jikin kwalbar shi ma yana shiga cikin gwajin ko ba a so. Ruwan litiyom yana cin gilashi sannu a hankali, silikon da boron su narke su je su kwanta a fuskar katod, filatinom ɗin anod ma yana ɗan narkewa ya bi su. Wasu na ganin wannan shimfiɗar tana taimaka wa lodi, wasu na ganin ita ke kashe shi. Ba a warware ba, don haka a zaɓi ɗaya, gilashin Pyrex kamar na asali ko kwalba mai rufin Teflon, a rubuta dalili, kowa ya yi da shi.

Sai ma'aunin zafin da ke fita, kalorimita, inda aka fi yin asarar shekaru. Iri uku ake amfani da su. Na farko, irin na Fleischmann da Pons, yana auna bambancin zafi tsakanin cikin kwalba da kwamin ruwan da take zaune a ciki, a lissafa zafin da ke fita daga wannan bambanci. Yana da saurin ji, amma yana dogara da zaton cewa zafin cikin kwalbar ɗaya ne ko'ina. Wannan ne Nathan Lewis na Caltech ya soka a taron masana fiziks a Baltimore a watan Mayun 1989, su kuma suka amsa cewa kumfar iskar da ke tashi tana gauraya ruwan. In za a yi da irin wannan, a sa ma'aunin zafi uku a tsayi daban-daban don gardamar ta mutu da lamba. Saukar ruwa da mililita 4 a rana ma tana sauya yadda zafi ke fita, abin da ya sa daga baya suka shafe saman kwalbarsu da azurfa. Na biyu shi ne mai zagayen ruwa: ruwan sanyaya yana wucewa ta jikin kwalbar, a auna zafinsa a shiga da fita. Lissafinsa a fili yake, gudun ruwa sau jul 4.18 sau bambancin zafi. A gudun giram 1 a daƙiƙa, kuskuren digiri 0.01 kacal daidai yake da mili-wat 42, kuma famfo yana sauya gudu yayin da tiyonsa ke tsufa, don haka a riƙa auna ruwan a kan sikeli maimakon a gaskata lambar famfo. Na uku akwati ne da aka lulluɓe bangonsa duka da na'urorin da ke mayar da wucewar zafi zuwa boltej, ana sa kwalbar gaba ɗaya a ciki. A ganina shi ya fi dacewa da ƙunshi, domin bai cika damuwa da inda zafin ya fito a cikin kwalbar ba, ba shi da famfo, kuma hannun mai aiki ba ya taka rawa sosai. Yana da jinkirin amsawa, amma gwajin makonni ba ya gaggawa.

Kowane iri aka zaɓa, akwai tarko biyu da sai an yi musu shiri. Na farko shi ne komawar iska ruwa. A buɗaɗɗiyar kwalba ana cire bolt 1.54 sau yawan amfiya daga ƙarfin da aka zuba, domin wannan kason ya tafi wajen raba ruwa ya fice tare da iska. A rabin amfiya, wat 0.77 ke nan. To idan kashi 10 cikin 100 na iskar ya sake haɗuwa a cikin kwalbar, a kan wata wayar filatinom da ta leƙo ko a fuskar katod, za a ga rarar mili-wat 77 wadda babu nukiliya a cikinta ko kaɗan. Maganinsa a auna iskar da ke fita, ko a riƙa auna nauyin ruwan da aka ƙara a gwada da lissafi. Rufaffiyar kwalba, mai ɗauke da sinadarin da ke mayar da iskar ruwa a samanta, ta kawar da wannan lissafi gaba ɗaya, sai dai ta kawo tarko na biyu: yanzu zafi yana fitowa daga wuri biyu, cikin ruwa da saman kwalba. Masanin sinadarai Kirk Shanahan ya nuna a 2002 cewa idan rabon zafi tsakanin wuraren nan ya sauya a tsakiyar gwaji, saitin ma'aunin yana iya gocewa da kashi 1 zuwa 3 cikin 100. A kwalba mai cin wat 5, gocewar kashi 2 ta ba da mili-wat 100, wanda ya yi daidai da girman rarar da rahotanni da yawa ke bayarwa. Don haka ƙunshin ya zo da wayar dumama biyu, ɗaya a ƙasa cikin ruwa, ɗaya a sama kusa da sinadarin, a saita ma'aunin da kowacce daban. In amsoshin biyu suka bambanta da fiye da rarar da ake nema, ma'aunin bai isa aikin ba. A maimaita saitin kafin gwaji, a tsakiyarsa da bayansa.

Awon wutar da ke shiga ma yana da nasa. Kumfa tana sa boltej ɗin kwalba ya riƙa rawa sau da yawa a daƙiƙa. In na'urar ba da wuta ba ta riƙe amfiya cak ba, ninka matsakaicin boltej da matsakaicin amfiya ba zai ba da ainihin ƙarfin ba, ana iya raina abin da aka zuba, ragowar ta fito a matsayin rara. A karanta su biyun tare, sau dubbai a daƙiƙa, a ninka kafin a ɗauki matsakaici.

Akwai wani lissafi da ya kamata a buga a shafin farko na littafin ƙunshin. Wayar nan mai giram 0.28, in ta cika da diyuteriyom har 0.9 sannan duk ya fita ya ƙone, zafin da zai bayar bai wuce jul 350 ba, wato mili-wat 100 na kusan awa ɗaya. Duk wani ɗumi da bai zarce wannan da ninki mai yawa ba, kimiyyar sinadarai ta yau da kullum ta isa ta yi bayaninsa. Mili-wat 100 na mako guda kuwa ya kai jul 60,000, kuma a nan ne magana ke fara nauyi.

Kwalba ɗaya ba gwaji ba ce. Kowane ƙunshi ya zo da aƙalla uku masu aiki a lokaci ɗaya: faladiyom a ruwa mai nauyi, filatinom a ruwa mai nauyi, da faladiyom a ruwa na yau da kullum. Biyun ƙarshe su ne shaidu. Ta ruwan yau da kullum ba cikakkiyar shaida ba ce, domin ta fi ɗaukar lantarki kuma lambar cirewarta bolt 1.48 ce, shi ya sa ake buƙatar ta filatinom. Ɓoye wa mai aiki wace kwalba ce wace yana da wuya, tun da ruwa mai nauyi ya fi na yau da kullum nauyi da kusan kashi 10 cikin 100 kuma sikeli zai tona. Wanda za a rufe wa ido shi ne mai nazarin bayanan: a ba shi lambobi ba tare da sunan kwalba ba. Abin da na fi ba muhimmanci a nan shi ne wayar dumama ta ɓoye, wadda masu shirya ƙunshin kaɗai suka san jadawalinta, tana sakin mili-wat 50 ko 100 na wasu awoyi a lokacin da ba wanda ya sani. Ɗakin binciken da ya gano wannan zafi daidai da girmansa ya nuna cewa in ya ce bai ga komai ba, maganarsa abin ɗauka ce. Wanda ya kasa ganowa, ko ya ga zafi a inda ba a saka ba, an san matsayin rahotonsa tun kafin a fara gardama.

Game da alamun nukiliya, shawarata a taƙaita. Haɗewar diyuteriyom biyu da aka sani tana rabuwa kusan rabi da rabi: ko tiritiyom (nau'in haidurojin mafi nauyi) da furoton, ko hiliyom-3 da niyutiron. Wat ɗaya ta wannan hanya zai saki niyutiron kusan tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, abin da zai kashe duk wanda ke tsaye a wurin, kuma ba a taɓa ganin ko kusa da haka ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masana suka ƙi yarda. Awon niyutiron kaɗan kuwa aiki ne na ƙwararru: a Afrilun 1989 masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun sanar sun gani, cikin 'yan kwanaki suka janye bayan sun gano na'urarsu tana amsa wa zafi. Ga kuma niyutiron da ke saukowa daga sararin sama, wanda yawansa ke sauyawa da nauyin iska. Saita irin wannan na'ura yana buƙatar tushen rediyeshon mai lasisi, don haka ba kayan ƙunshi ba ne. Ƙaramar na'urar gargaɗi don lafiyar ma'aikata ta wadatar.

Hiliyom-4 shi ne abin da masu goyon baya ke cewa yana tafiya tare da zafin, tun daga aikin Melvin Miles a cibiyar sojan ruwan Amurka ta China Lake a farkon shekarun 1990. Lissafin yana nuna wuyar abin. In kowace haɗewa tana ba da MeV 23.8 (MeV awon ƙarfi ne a kimiyyar nukiliya), wat ɗaya yana nufin ƙwayar hiliyom biliyan 260 a daƙiƙa. A kwalbar rabin amfiya mai rarar mili-wat 100, hiliyom ɗin zai zama kusan kashi 11 cikin biliyan na iskar da ke fita. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da kusan kashi 5,200 cikin biliyan. Ke nan yoyon da ya shigo da iskar ɗaki kashi 0.2 cikin 100 kawai ya isa ya ƙirƙiro dukan sakamakon. Hiliyom yana ratsa gilashi da roba, don haka sai gwangwanin ƙarfe mai likin ƙarfe. Nauyin ƙwayar hiliyom-4 kuma 4.0026 ne, na tagwayen diyuteriyom 4.0282, sai na'ura mai kaifin rarrabewa bayan an tace diyuteriyom ɗin. Abin da ƙunshi zai iya yi shi ne ya ba da gwangwanaye masu lamba, wasu a cika su daga kwalbar shaida, a aika duka zuwa ɗakunan awo biyu da ba su san wanne ne wanne ba, su auna har da niyon ko agon, domin in iskar ɗaki ce ta shiga za a gan su tare da hiliyom ɗin. Tiritiyom ma haka: ruwa mai nauyi yana zuwa da ɗan nasa tun daga masana'anta, kuma yana ƙara taruwa da kansa a buɗaɗɗiyar kwalba, don haka a ajiye kwalbar asali a like don gwadawa. Faifan roba na CR-39, mai nuna sawun ƙwayoyin nukiliya da suka ratsa shi, wanda aka yi amfani da shi a tsarin Stanislaw Szpak da Pamela Mosier-Boss na San Diego kuma ƙungiyoyi da dama suka gwada a shirin Galileo wajen 2007, yana da arha da sauƙin rabawa, amma in ya zauna cikin ruwan gwaji sinadarai ma suna cin fuskarsa su bar ramuka, kuma rarrabe su da sawun ƙwayoyin nukiliya ya zama wata sabuwar rigimar. Ba zan sa shi a zagayen farko ba.

Haɗarin gaske a wannan aiki fashewa ce. Kwalbar tana samar da diyuteriyom da oksijin a daidai rabon da ya fi saurin kamawa, kuma faladiyom da filatinom kansu suna iya tayar da wutar. A Janairun 1992 rufaffiyar kwalbar ƙarfe ta fashe a SRI, wani masanin kimiyya ya rasu, wasu suka ji rauni. Sinadarin da ke mayar da iska ruwa yana daina aiki in feshin ruwan litiyom ya jiƙa shi, iska ta taru shiru, sannan ya farfaɗo a kan tulin iskar. Saboda haka sararin iskar da ke saman kwalba ya zama ƙarami, a sa ma'aunin matsi da ke yanke wuta da kansa ba tare da jiran kwamfuta ba, da faifan da ke fashewa ya saki matsi tun yana ƙasa, da garkuwa a kewaye. Buɗaɗɗiyar kwalba kuma a fitar da iskarta waje, domin haidurojin yana kamawa daga kashi 4 cikin 100 a iskar ɗaki. Ba a ɗaga rufaffiyar kwalba da hannu sai an tabbatar matsinta ya sauka. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a raba ƙunshin ga ɗakunan bincike masu jami'in kula da lafiyar aiki, kada a sayar wa duk mai so.

Yawan katod da za a gwada shi ma lissafi ne. A ɗauka, don misali kawai, abin yana faruwa a katod ɗaya cikin goma. Wanda ya gwada biyar yana da damar kashi 59 cikin 100 ta rashin ganin komai ko da abin gaskiya ne. Sai an kai 30 wannan damar ke sauka zuwa kusan kashi 4. Kuma waɗanda suka kai lodin da aka ƙayyade kaɗai za a ƙirga. Aikin da Google ya ɗauki nauyi daga 2015, wanda masu bincike kusan 30 suka yi kuma aka buga a mujallar Nature a 2019, bai ga shaidar haɗewar ba, ya kuma bayyana cewa kai wa babban lodi da riƙe shi yana da matuƙar wuya ko ga masu kayan aiki na zamani. Don haka a tsara ƙunshi 10 zuwa 12, kowanne da katod biyar ko shida da za a bi ɗaya bayan ɗaya, a sa ran da yawa za su tsage a hanya. Kafin a kunna ko ɗaya, a rubuta a fili abin da za a kira nasara: lodin da ya kai kaza na awoyi kaza, rarar da ta ninka kuskuren ma'auni aƙalla sau biyar, jimillar zafin da ta zarce iyakar sinadarai da ninki mai yawa, shaidu biyu suna kan sifili a lokacin, kuma ɗakin ya ci jarrabawar wayar ɓoye. Ɗanyen bayanan kowace kwalba, har da waɗanda suka lalace a rana ta biyu, su tafi rumbu ɗaya kai tsaye daga na'ura, kowane katod kuma a mayar da shi ga masu shiryawa don a duba shi gefe da gefe da guntunsa da aka ajiye.